Kaluluwa a gindin wuya, cuta a tumbi

Kowa ya san kaluluwa. Ka yi tuntuɓe, yatsan ƙafa ya yi ruwa, bayan kwana biyu sai ka ji ɗan ƙullutu a matsematsi yana maka zafi duk lokacin da ka taka. Gyambon na warkewa, ita ma sai ta sace. Wannan ita ce wadda jiki ya saba da ita: mai zafi, mai laushi, tana motsi a ƙarƙashin yatsa, kuma an san daga inda ta taso. Akwai wata iri da ba ta bin wannan ƙa'ida. Ba ta zafi, ga tauri kamar tsakuwa, wani lokaci ma ta manne da naman da ke kewaye da ita, mako ya wuce, wata ya wuce tana nan daram. Idan irin wannan ta fito a ɗan ramin da ke gindin wuya ta hagu, bisa ƙashin nan da ya miƙe zuwa kafaɗa, hankalin likitan da ya san aikinsa yakan gangara zuwa cikin ciki tun kafin mai ita ya ce wani abu na damunsa a can.

Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya fara rubuta alaƙar wannan kaluluwa da ciwon dajin da ke cikin ciki, a shekarar 1848. Daga baya, a 1889, Charles Émile Troisier na Faransa ya faɗaɗa bayanin, ya nuna cewa ba tumbi kaɗai ke aiko da saƙo wurin ba. Shi ya sa har yau ake cewa kaluluwar Virchow, ko alamar Troisier.

Me ya haɗa tumbi da wuya? Bayan jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran magudanai da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo tsakanin nama, wanda ake kira limfa. A kan hanyar waɗannan magudanai akwai ɗaruruwan matattara masu tace ruwan, su ne kaluluwa idan sun kumbura. Ruwan da ya fito daga ƙafafu, da hanji, da tumbi, da kusan duk kayan ciki, yana taruwa ne a bututu guda mai tsawon kimanin santimita 40. Bututun yana haurowa ta bayan ƙirji, kusa da ƙashin baya, ya zo ya juye a babbar jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Dab da wannan mashiga akwai matattarar ƙarshe. Ƙwayar dajin da ta kuɓuce daga tumbi, ta tsallake duk shingayen da ke ƙasa, nan ce tasharta ta ƙarshe kafin ta faɗa jini. Ɓangaren dama yana da nasa ɗan bututun, wanda ya fi kwaso ruwan huhun dama da na tsakiyar ƙirji, don haka kaluluwar dama ta fi sa a tuhumi huhu da bututun abinci.

Wannan ɓangaren labarin ba shi da wahala. Inda abin ya rikice shi ne lokacin da aka ciro nama daga kaluluwar, awo ya tabbatar ciwon daji ne, aka zura na'urar leƙen ciki ta baki har tumbi, likita ya duba ko'ina ya ce bai ga komai ba.

Don a fahimci yadda hakan ke yiwuwa, sai an san cewa bangon tumbi hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗar ciki wadda abinci ke taɓawa, ita kaɗai idon na'ura ke gani. Ƙarƙashinta akwai shimfiɗa ta biyu, mai cike da ƙananan jijiyoyin jini da magudanan limfa. Sannan tsoka, sannan mayafin waje. Ciwon da bai wuce shimfiɗa ta farko ko ta biyu ba shi likitocin Japan suka raɗa wa suna ciwon dajin tumbi na farko-farko, kuma ma'anar da suka ba shi ba ta damu da ko ya isa kaluluwa ko bai isa ba. Manyan alƙaluman tiyata daga ƙasar sun nuna cewa idan ciwon yana shimfiɗar farko kaɗai, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ne ake samu ya riga ya kai kaluluwa. Da zarar ya nutsa shimfiɗa ta biyu, adadin yakan kusan kai kashi 20. Wato ɗan tabon da bai fi farce faɗi ba yana iya riga ya aika 'ya'yansa nesa. Mafi yawansu a matattarar da ke jikin tumbi suke tsayawa. Wanda zai kai wuya ba safai ba ne, amma ana samu.

Sai batun hali. A 1965 Pekka Laurén, masanin cututtuka daga Finlan, ya kasa ciwon dajin tumbi gida biyu, kuma rabon nasa yana aiki har gobe. Na farko ƙwayoyinsa a haɗe suke, sukan yi curi ko gyambo mai tudun baki, abin da ido zai gani ya ce ga shi. Na biyu ƙwayoyinsa a warwatse suke, kowace tana tafiyarta. Dalili shi ne galibinsu sun rasa wani furotin mai suna E-cadherin, wanda yake kamar ƙaro ne da ke manne ƙwaya da maƙwabciyarta. Idan ka duba su a madubin awo za ka ga abin da ba ka mantawa: ƙwayar ta cika da majina har ta ture cibiyarta gefe guda ta matse ta da bango, sai ta fito kamar zobe mai kai. Da wannan siffa ake kiranta, ƙwaya mai kamar zoben hatimi. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan bi ta ƙarƙashin shimfiɗar ciki suna rarrafe, su bar saman sumul. Jiki kuma yana mayar da martani da saƙar nama mai tauri, har bangon ya yi kauri ya sandare, tumbi ya koma kamar busasshiyar salka. Likitoci na kiran wannan yanayi linitis plastica.

Ga yadda yake kasancewa a ɗakin leƙen ciki. Likita yana hura iska don tumbi ya buɗe. Lafiyayyen tumbi yakan kumbura nan da nan, ninkin da ke jikinsa su baje su kwanta. Wanda ya sandare ba ya buɗewa. A ƙara iska, sai dai majiyyaci ya yi gyatsa ta fita, ninkin kuma suna nan masu kauri. Wannan ƙin buɗewar wani lokaci ita kaɗai ce alama, kuma mai sauri zai iya ɗauka majiyyacin ne bai riƙe iskar ba. Ɗan matsefin da ake tsinko nama da shi kuwa milimita biyu zuwa uku yake cizowa, daga sama. Idan cutar na ƙasa da inda haƙorinsa ya kai, sakamako zai dawo da cewa kumburi ne kawai. Ba ƙarya aka yi ba, abin da aka kai wa mai awo ke nan. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna kusan ɗaya cikin goma na masu ciwon dajin tumbi an taɓa leƙa cikinsu a cikin shekaru uku kafin a gano cutar, ba a gan ta ba a lokacin.

Wani abin da ke ƙara lulluɓe ta shi ne maganin olsa. Magunguna irin su omeprazole suna kashe zafin ƙirji, suna kuma iya sa saman gyambon daji ya rufe ya yi kamar ya warke. Mutum ya ji sauƙi, ya daina zuwa asibiti, abin na ci ta ƙasa. Alamomin farko ma dama ba su da wani bambanci da na olsa: saurin ƙoshi, ɗan tashin zuciya, rama a hankali, gajiyar ƙarancin jini. A ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2020, sama da mutum miliyan ɗaya ne suka kamu da wannan cuta a shekarar, kusan 770,000 suka mutu. Kusancin waɗannan lambobi biyu yana da nasaba da makarar ganowa. Koriya ta Kudu, wadda ke duba tumbin duk wanda ya kai shekara 40 sau ɗaya a shekara biyu, da Japan mai irin wannan tsari, su ne ke kama kaso mai yawa tun yana ƙarami.

Wuya ba shi kaɗai ne baƙon masauki ba. Magudanan limfa suna da 'yan ƙofofi da ke tura ruwa gaba, amma idan ƙwayoyin daji suka toshe babbar hanya, ruwan yakan nemi wata mafita, har ya koma da baya. Ta haka ake samun kaluluwa a hammatar hagu, wadda littattafan likitanci ke kira kaluluwar Irish, ko a tsakiyar ƙirji, ko ma a matsematsi, inda babu wanda zai fara tunanin tumbi. Akwai kuma tsallake: likitocin Japan sun sa wa matattarar da ke kewaye da tumbi lamba ɗaya bayan ɗaya, daga lamba 1 zuwa 6 a jikinsa, na gaba a bin manyan jijiyoyi, har lamba 16 da ke gefen babbar jijiyar jini ta bayan ciki. A ƙa'ida cuta na bin su ne bi da bi, amma a wasu majiyyatan sai a tarar na kusa lafiya lau, na nesa ne suka kamu.

Cibiya ma na cikin labarin, ko da yake ƙullutun da ke fitowa a nan galibi ba kaluluwa ba ce, yaɗuwa ce ta tantanin ciki. Sunanta ya samo asali ne daga Sister Mary Joseph, ma'aikaciyar jinya da ke taimaka wa likita William Mayo a ɗakin tiyata a Rochester ta jihar Minnesota, Amurka. Ita ce ke shirya fatar majiyyaci kafin a yanka, sai ta lura duk wanda ta ji tauri a cibiyarsa, idan an buɗe cikin akan tarar ciwon ya yi nisa. Sai bayan rasuwarta likitan Ingila Hamilton Bailey ya sa wa alamar sunanta a 1949. Haka nan ƙwayoyin nan masu kamar zobe sukan sauka a ma'ajiyar ƙwan mace, sau da yawa duka ɓangarorin biyu, su yi ƙari babba alhali na tumbin bai bayyana ba. Wannan shi ne ƙarin Krukenberg, wanda aka bayyana a 1896. Mata da yawa a wajen likitan mata labarinsu ke farawa.

To, ga mutum da kaluluwa mai tauri, yaya za a yi? A ganina kurakurai biyu ne ke jiran likita a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko shi ne raina ta. A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta mako biyu, a sake wani, daga nan a ce ƙila tarin fuka ne na kaluluwa, a fara maganin wata shida ba tare da an ɗauki nama ba. Tarin fuka na kumbura kaluluwar wuya ƙwarai, a ƙasashe da dama ma shi ne kan gaba, amma kama da wane ba ta wane. Wata biyu ko ukun da za a ɓata ana jiran a ga ko za ta sace, an bar jaki ne ana dukan taiki. Kuskure na biyu shi ne yanke hukunci da wuri: an ji kaluluwar Virchow, shi ke nan, dajin tumbi ne ya gama yaɗuwa, a koma gida. Alhali wannan wurin yana karɓar saƙo daga maraina, da ma'ajiyar ƙwai, da furosteti (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), da ƙoda, da fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi), da huhu. Ciwon dajin maraina na samari yana warkewa a mafi yawan lokuta ko da ya kai wuya. Dajin kaluluwar kanta, wato limfoma, shi ma nau'o'insa da yawa suna warkewa. Maganin kuskuren duka biyun ɗaya ne, a ɗauko nama.

Ɗaukar ma iri-iri ce. Siririyar allura tana zuƙo ƙwayoyi a warwatse. Tana da sauri, tana iya cewa daji ne ko ba daji ba, amma sau da yawa abin da ta kawo ba ya isa a yi sauran gwaje-gwaje. Allura mai kauri, wadda ake sakawa ana kallo da sikanin, tana fito da ɗan zaren nama da tsarinsa, kuma ita aka fi so yanzu. Idan ana zargin limfoma, ko allura ta kasa ba da amsa, sai a cire kaluluwar ɗungurungum.

Daga nan aiki ya koma hannun mai awon nama. Zai fara da siffa: shin ƙwayoyin irin na fata ne, wanda zai mai da hankali ga maƙogwaro, baki da huhu, ko irin masu fitar da majina ne? Sannan ya shafa musu rini na musamman masu kama furotin ɗaya-ɗaya. Idan TTF-1 ya kama, huhu ne ko ƙullin gaban wuya. GATA3 da makarɓar sinadarin mata na nuna mama. PSA na nuna furosteti, PAX8 ƙoda ko gabobin haihuwar mace, SATB2 tare da CK20 babban hanji. Shi kuwa tumbi ba shi da tambarin kansa. CK7 yakan kama a yawancinsu, CK20 wani lokaci, CDX2 nan da can, kuma duk wannan hoton fankiriyas da hanyoyin matsarmama suna iya bayarwa. Don haka rahoton da ya fi gaskiya yakan tsaya a cewa ciwon ya yi kama da na saman hanyar abinci ko maƙwabtanta. Ana isa ga tumbi ne ta hanyar cire sauran ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani nau'in ciwon dajin mama, mai tasowa daga jakunkunan nono, shi ma ya rasa E-cadherin, shi ma yana iya fitar da ƙwayoyi masu kamar zobe, kuma yana da ɗabi'ar sauka a bangon tumbi ya sandarar da shi, har bayan shekaru da yawa da yi wa mace magani. Ke nan mace mai kaluluwa a hammata da sandararren tumbi tana iya zama mai dajin tumbi da ya hau hammata, tana iya zama mai dajin mama da ya sauka tumbi. A ido ba su da bambanci. Amma na biyun sau da yawa ƙwayar maganin da ke toshe sinadarin mata tana riƙe shi tsawon lokaci, kuma cire tumbi ba shi ne maganinsa ba. Tambaya ɗaya game da tarihinta da rini biyu ko uku ne ke raba gardama.

Idan rini ya nuna saman hanyar abinci, leƙen farko kuma bai ga komai ba, abin da ya dace shi ne a koma, amma ba kamar yadda aka shiga da farko ba. A wanke majinar da ke bango, a hura iska sosai, a juya kan na'urar a dubi saman tumbi da mashigarsa, wuraren da aka fi tsallakewa. A yi amfani da hasken da ke fito da tsarin ƙananan jijiyoyi, ko a fesa shuɗin rini. A tsinko nama shida zuwa takwas daga duk inda ake shakka, a maimaita cizo a rami ɗaya don a kai ƙasa. Na'urar leƙe mai sikanin a kanta tana nuna hawa-hawan bangon, tana kuma ba da damar soka allura cikin kaurin. Hoton CT, idan an cika tumbi da ruwa tukuna, yakan nuna bangon da ya yi kauri.

Mutane da yawa suna ɗaukar hoton PET a matsayin alƙalin ƙarshe, kuma a nan yana iya yaudara. Aikinsa ya dogara ne da yadda ƙwayoyin daji ke haɗamar sukari. Ƙwaya mai kamar zobe, wadda rabin cikinta majina ce, a warwatse cikin taurin nama, ba ta shan sukarin da zai sa ta haska. PET mai tsabta bai wanke tumbi ba. Awon jini na CEA da CA 19-9 ma haka: suna iya hawa, suna iya zama daidai, ba a kafa hujja da su. Abin da ya rage idan duk waɗannan sun gaza shi ne tiyatar leƙe, a huda ciki da ƙananan ƙofofi a dubi tumbi ta waje, a zuba ruwan gishiri a kwashe a nemi ƙwayoyi a cikinsa.

Duk wannan wahala tana da dalili, domin wurin da kaluluwar take shi ke juya akalar magani gaba ɗaya. A tsarin auna matakin cuta na 2017, kaluluwar da ke kewaye da tumbi ƙirga ta ake yi: ɗaya zuwa biyu, uku zuwa shida, bakwai zuwa 15, sannan 16 ko fiye, kuma duk yawansu ana iya yin tiyata da niyyar warkarwa. Amma guda ɗaya tak a wuya, ko hammata, ko gefen babbar jijiyar bayan ciki, ta mayar da cutar mataki na huɗu. Haka ma ƙwayoyin da aka samu a ruwan wankin ciki. Gwajin REGATTA da aka yi a Japan, Koriya da Singafo, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cire tumbi kafin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, bai ƙara wa masu irin wannan mataki kwana ba idan aka kwatanta da kemo kaɗai. Saboda haka magani mai zaga jini shi ne ginshiƙi, kuma naman da aka ɗauko shi ne ke zaɓar sa. Ana duba furotin HER2, wanda tun gwajin ToGA na 2010 aka san masu shi suna amfana da maganin trastuzumab. Ana duba furotin PD-L1 da lahanin gyaran ƙwayar gado don sanin wa zai amfana da magungunan tayar da garkuwar jiki irin su nivolumab. A 2024 kuma aka amince da maganin zolbetuximab ga masu furotin claudin 18.2. Allurar da ta zuƙo 'yan ƙwayoyi kaɗan ba za ta ɗauki duk waɗannan gwaje-gwaje ba, shi ya sa aka fi so tun farko a ɗauko mai yawa.

Idan mai cutar matashi ne, nau'in kuma mai warwatsuwa ne, tambaya ta ƙarshe ta shafi danginsa. A 1998 Parry Guilford da abokan aikinsa suka gano, a wani babban dangi na ƙabilar Maori a New Zealand, cewa lahani a ƙwayar gado mai suna CDH1, wadda ke samar da E-cadherin, yana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Matan irin waɗannan dangi suna kuma fuskantar dajin maman nan da aka ambata. Masu ɗauke da lahanin akan ba su zaɓin cire tumbi tun suna lafiya, ko leƙe duk shekara inda ake tsinko nama kusan 30 daga wuraren da ido bai ga komai ba. A cikin waɗanda suka zaɓi cirewa, idan mai awo ya yayyanka tumbin duka ya bi shi a madubi, a mafi yawansu yakan tarar da 'yan tsibiran ƙwayoyi masu kamar zobe, wasu ba su kai milimita ɗaya ba, kwance a ƙarƙashin shimfiɗar da aka leƙa makonni kaɗan da suka wuce aka ce lafiyarta ƙalau.